Hilful Fudul da Haƙƙin Baƙo a Makka

A Makka ta kafin Musulunci kariyar mutum tana hannun danginsa ne, saboda haka baƙon da ya zo fatauci ba shi da mai tsaya masa idan wani mai ƙarfi ya danne masa haƙƙi. Wajen shekarar 590 Miladiyya, bayan yaƙin Fijar, wani falke ɗan ƙabilar Zubaid daga Yaman ya sayar wa Al-As bin Wa'il, ɗaya daga cikin manyan Banu Sahm, da kaya, shi kuwa ya karɓa ya hana shi kuɗinsa. Falken ya kai kukansa ga gidajen da ake kira Ahlaf, wato abokan ƙawancen Banu Sahm irin su Makhzum da Abdud Dar da Jumah, amma suka kau da kai, domin babu mai son ɓatawa da abokin ƙawance a kan mutumin da gobe zai kama hanyar garinsu. Ganin haka ya hau dutsen Abu Ƙubais ya ɗaga murya, Ƙuraishawa na zaune a gefen Ka'aba suna ji.

Zubair bin Abdulmuɗɗalib, baffan Annabi Muhammadu (SAW), shi ne ya ƙi yarda a bar maganar ta wuce. Gidajen Hashim da Muɗɗalib da Asad da Zuhra da Taim suka taru a gidan Abdullahi bin Jud'an, suka yi rantsuwar da aka sani da Hilful Fudul, cewa duk wanda aka zalunta a Makka, ɗan gari ne ko baƙo, za su tsaya tare da shi har a maido masa da haƙƙinsa, sannan suka je suka karɓo wa falken kayansa. Girman wannan yarjejeniya shi ne ta ɗora nauyi a kan wanda ba shi aka cuta ba, ba shi kuma da dangantakar jini da wanda aka cuta. Annabi ya halarci taron yana saurayi, ya kuma yabe shi bayan an aiko shi.

Irin wannan halin ya sake bayyana wajen shekarar 619, lokacin da Ƙuraishawa suka shafe kusan shekara 3 sun ƙaurace wa Banu Hashim da Banu Muɗɗalib, babu ciniki babu auratayya, har yunwa ta galabaitar da yara. Mutum 5 da a lokacin ba su musulunta ba, cikinsu har da Hisham bin Amr da Muɗ'im bin Adi da Zuhair bin Abi Umayya, wanda ɗan Makhzum ne, gidan Abu Jahal kansa, suka haɗa baki da dare, washegari suka tashi ɗaya bayan ɗaya a bainar jama'a suka nemi a yage takardar ƙauracewar da ke rataye a cikin Ka'aba.