Yaro Mai Hazaƙa a Gidan Aro

A watan Oktoban 1957 Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan'adam na Sputnik, hankalin Amurka ya tashi. Shekara na zagayowa majalisar dokoki ta zuba kuɗi a koyar da lissafi da kimiyya da harsunan waje, aka shiga neman yara masu kaifin ƙwaƙwalwa ido rufe. Da tsoro ya lafa sai aka mance da su.

A 1972 kwamishinan ilimi na ƙasar, Sidney Marland, ya miƙa wa majalisa rahoton da har yau ake kira da sunansa. Ya ƙiyasta kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari na 'yan makaranta masu baiwa ne, kuma yawancinsu ba sa samun koyarwar da ta dace da su. Aka buɗe musu ƙaramin ofishi a cikin sashen kula da ilimin naƙasassu. Hujjar kuwa tana da ƙarfi: duk yaron da ajin gama-gari bai wadatar da shi ba, ko don an wuce shi ko don ya wuce kowa, yana buƙatar kulawa ta musamman.

Amma zama a gida ɗaya ba ya sa a ci gado. Wata doka ta 1975 ta ba yaro mai naƙasa haƙƙin ilimi kyauta da tsarin karatu nasa na kansa, iyayensa kuma na iya kai ƙara idan aka hana shi. Ba ta ambaci mai hazaƙa ba. A 1981 gwamnatin Reagan ta narke kuɗin shirin nasu cikin kason jihohi, ofishin ya rufe. Dokar Javits ta 1988 ta dawo da ɗan tallafi, akasari na bincike, ba tare da tilasta wa kowace makaranta komai ba.

Daga nan kowace jiha ta kama gabanta. Florida da Kansas sun sa masu hazaƙa ƙarƙashin ilimi na musamman. Pennsylvania ta yi haka shekara da shekaru, sannan a 2000 ta ware musu babin dokoki na kansu. Mu ma nan gida, manufar ilimi ta Najeriya ta lissafa su a babi ɗaya da naƙasassu, aka kuma kafa musu makaranta a Suleja zamanin mulkin Babangida.

Abin da ya fi damuna shi ne tukunyar kuɗi. Majalisar Amurka ta yi alkawarin ɗaukar har kashi 40 cikin ɗari na ƙarin kuɗin da ilimin naƙasassu ke ci, ba ta taɓa cikawa ba. Ɗebo wa mai hazaƙa daga wannan kaso zalunci ne ga makaho da kurma. Barinsa ba doka kuma ɗan talaka yake cuta, domin ɗan mai hali ubansa zai nema masa malami. A ba mai hazaƙa haƙƙi a rubuce kamar na ɗan'uwansa mai naƙasa, amma a ware masa kasafinsa daban.