Kurfai a Tsoffin Taswirorin Turawa

Kwanakin baya wani ɗalibina a nan Filinge ya nuna mini hoton wata tsohuwar taswirar Afirka a wayarsa, ya ce: "Malam, ina Kurfai a nan?" Na duba, na sake dubawa. Ga Cano, ga Casena, ga Zegzeg, ga Zanfara, ga Guber, wato Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir. Amma inda ya kamata a ga Dallol Boso sai farin fili. Kogin Isa kuwa, wanda 'yan'uwanmu na Nijeriya ke kira Kwara, an sa shi ya miƙe yamma ya faɗa tekun Atlantika.

Wannan kuskure tsoho ne. Tun a 1154 al-Idrisi ya zana wa sarkin Sisili wani kogi da ke bin ƙasar Sudan ya nufi yamma. Da jiragen Fotugal suka wuce Bojador a 1434, suka kai bakin kogin Senegal bayan kamar shekara goma, sai suka ɗauka shi ne. Zinariyar Mali suke nema, wadda taswirar Katalan ta 1375 ta nuna a hannun Mansa Musa. Sun gina ganuwar Elmina a 1482, sun yi ta wucewa ta bakin Kwara na gaskiya ba tare da sun gane shi ba. Mutumin jirgi gaɓa ya sani. Abin da ke cikin tudu sai ji. Sunayen biranen Hausa ma daga littafin Hasan al-Wazzan suka kwaso su, wanda aka buga a Benis a 1550.

Sai a 1796 Mungo Park ya tsaya a Segu ya ga ruwa gabas ya nufa, a 1830 kuma 'yan'uwa biyu, su Lander, suka bi shi har teku. Tsakanin nan, a 1824, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba Clapperton taswirar ƙasar a Sakkwato. Ashe ilimin yana nan gida, baƙo ne bai iso ba. A 1853 Barth ya ratsa Dallol Boso ta kudu a kan hanyarsa ta Sayi, bai hauro wajenmu ba.

To, yaya aka yi muka shiga taswira? Nan ne abin ya fi ba ni mamaki. A yarjejeniyar Yuni 1898, Ingila da Faransa suka ɗora tsinin abin zane a kan Sakkwato, suka ja baka mai nisan mil 100. Abin da ke ciki na Ingila ne. Faransawa da ke son kai sojoji da kaya daga kogi zuwa Damagaram suka tarar hanyar kudu mai rijiyoyi ta faɗa hannun abokan hamayya. Dole suka kewaya ta arewa: Filinge, Tawa, sannan Damagaram. Haka Filinge ta zama zangon soja a farkon ƙarni na 20, da duk abin da ke biyo soja: neman hatsi, raƙuma, 'yan dako, sannan haraji. An gyara iyakar a 1904 da 1906, amma bariki ya riga ya zauna.

Na ce wa yaron, farin filin nan ba ya nufin ba kowa. Kurfayawa na noman gero a dallol, Buzaye da Fulani na kiwo, kowa ya san inda ruwa ke kusa da inda sai an yi gaba ashirin. Kakana bai taɓa riƙe taswira ba, amma yakan jero rijiyoyin hanyar Abala ɗaya bayan ɗaya, da sunan wanda ya gina kowace.

Abin da ke damuna shi ne, ni kaina ban riƙe rabinsu ba. Bature yana da uzuri, bai sani ba. Mu fa? Na ba ɗalibaina aiki: kowa ya zauna da tsohon gidansu, ya rubuto sunayen rijiyoyi da fadamu da tsoffin kufai. Littafi biyu sun cika, kuma babu ko suna goma daga ciki da wayar yaron nan ta sani.