Ibrahim Babangida, ƙanin Tijjani da ya riga shi ɗaukar kofin duniya

Daga majalisun ƙwallo na Gamkalle a Yamai har zuwa Sabon Garin Zariya, in aka ce Babangida, Tijjani ake nufi. Ba laifi. Shi ya ciyo zinare a gasar Olympics ta Atlanta a 1996, ya yi wa Ajax wasa, ya zura wa Afirka ta Kudu ƙwallo biyu a Legas a wasan kusa da na ƙarshe na kofin Afirka na 2000. Amma gidan nan na Kaduna 'yan ƙwallo uku ya fitar, kuma ƙaninsa Ibrahim ya riga shi ɗaga kofin duniya.

An haifi Ibrahim a 1976. Yana cikin tawagar 'yan ƙasa da shekara 17 da koci Fanny Amun ya kai gasar kofin duniya a Japan a 1993, tare da Nwankwo Kanu, Wilson Oruma da Celestine Babayaro. Suka doke Ghana da ci 2 da 1 a wasan ƙarshe a Tokyo. Sai dai yaron ya zo a lokacin da sunansa ma yana da mai shi: ana tsakiyar gasar, a ƙarshen Agusta, Janar Ibrahim Babangida ya sauka daga mulki bayan rikicin soke zaɓen 12 ga Yuni. Wa zai ji wannan suna a rediyo a makon nan ya tuna da wani yaro a Japan?

A gida ya buga wa Stationery Stores ta Legas da Katsina United, sannan a 1997 ya bi yayansa Holan. Ya sauka a Volendam, garin masunta da ke arewa da Amsterdam, tafiyar da ba ta kai awa guda ba daga inda Tijjani yake. Kusa ne a mota, amma a teburin gasa akwai nisa. A kakar 1997/98 Ajax ta ɗauki kofin ƙasar, Volendam kuwa ta faɗa rukuni na biyu. Nan Ibrahim ya zauna har 2002, a ƙananan filaye, a lokacin da ba a nuna irin waɗannan wasanni a gidajen kallo na ƙasar Hausa. A ganina wannan ya fi komai ɓoye shi: ɗan wasan da ba a gani, ba a gardama a kansa, wanda ba a gardama a kansa kuwa da wuya a riƙe sunansa.

Hatta ƙaninsu Haruna ya fi shi amo, don Barcelona ta ɗauke shi tun yana yaro.

A watan Mayun 2024 motar da Ibrahim yake ciki tare da Tijjani da iyalinsa ta yi haɗari a hanyar Kaduna zuwa Zariya. Tijjani ya ji rauni, Ibrahim ya rasu, Allah ya jiƙansa. Jaridu da dama a kanun labaransu sun kira shi ƙanin Tijjani Babangida, sai a cikin labarin suka ambaci kofin 1993.