Daga Kano Zuwa Jidda, Da Da Yanzu

Tsakanin filin jirgin sama na Kano da na Jidda akwai wajen mil 2,100, in an miƙe sosai. Jirgin yanzu yakan cinye wannan tafiya cikin kamar sa'a biyar. Amma ku 'yan makaranta, ya kamata mu san yadda kakanninmu suka sha fama da ita.

A da, mai niyyar haji yakan yi wasiyya, ya yi bankwana da iyalinsa kamar wanda ba zai komo ba. Ya bi ta Barno da Wadai da Darfur har ya kai Kogin Nilu, sa'an nan ya nufi Sawakin, ya ƙetare Bahar Maliya cikin jirgin ruwa. In guzuri ya ƙare, sai ya tsaya ya yi ƙwadago, don haka tafiyar takan ci shekaru. Waɗansu suka rasu a hanya, waɗansu suka yi zamansu a Sudan, jikokinsu na can har yau suna Hausa.

Ran 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na sojan Ingila suka sauka Kano, a rana ta shida da tashinsu daga Masar. A 1936 kuma kamfanin Imperial Airways ya fara ɗaukar wasiƙu tsakanin Hartum da Kano, yana bin kusan hanyar nan ta alhazai, ta Maiduguri da Fashir.

To, ƙasa ba ta tsuke ba, mil 2,100 ɗin nan suna nan yadda kakanninmu suka bar su. Ilmi ne ya mai da shekaru sa'o'i. Allah ya jiƙan waɗanda suka tafi da ƙafa, mu kuma ya ba mu himmar karatu.