Yoyon bayan gida: abin da tiyata ke iya gyarawa, da haɗarin da ke cikinta

Yoyon bayan gida, wanda likitoci ke kira RVF, ɗan'uwan yoyon fitsari ne, sai dai an fi ɓoye shi. Yawanci doguwar naƙuda ce ke jawo shi: kan jariri ya daɗe yana danne naman da ke tsakanin farji da dubura har naman ya mutu, rami ya buɗe, kashi da tusa su riƙa fita ta gaba. Akwai kuma wadda ba rami gare ta ba, yagewa ta yi wajen haihuwa har tsokar da ke riƙe dubura ta tsinke. Aikin da ake yi wa kowacce daban ne.

Mai yagewa, in aka ɗinke tsokar nan take bayan haihuwa a hannun wanda ya iya, ta fi samun sauƙi. In an makara, ana sake haɗa bakin tsokar biyu, kuma mata da yawa suna samun riƙo a farko. Abin da ba a cika faɗa musu ba shi ne ƙarfin riƙon kan ragu bayan shekara 5 zuwa 10, musamman in jijiyoyin wurin sun taɓu.

Mai rami kuwa, aikin farko shi ne babbar damarta. Duk ɗinkin da ya warware yana barin tabo mai tauri, na biyu ya fi wuya, na uku ya fi na biyu. Shi ya sa kai mace ƙaramin asibitin unguwa don kawai yana kusa ganganci ne. Kuma rufe ramin ba lallai ya zama an daina yoyo ba. In tsokar ta lalace, tusa ko kashi mai ruwa na iya ci gaba da kuɓucewa.

Wurin ba ya rabuwa da ƙwayoyin cuta, don haka ruɓewar ɗinki ita ce haɗarin da aka fi gani. Sai zubar jini, tsukewar farji ko dubura, da zafi wajen saduwa. In ramin babba ne, likita kan fitar da hanji ta gefen ciki, a riƙa tara kashi a jaka na 'yan watanni don ɗinkin ya huta, daga baya a mayar. Mata da yawa na jin haka sai su gudu, alhali galibi na wucin gadi ne.

Wanda iyalinsa ke Jalingo, a fara da likitan mata a Cibiyar Lafiya ta Tarayya, wato FMC, ya duba ya faɗi irin lalurar. In aikin mai wuya ne, akwai cibiyoyin yoyon fitsari na ƙasa a Ningi ta jihar Bauchi da Babbar Ruga a Katsina, inda Dokta Kees Waaldijk ɗan ƙasar Holan ya shafe shekaru yana wannan aiki, da cibiyar Evangel a Jos. Mu da ke zaune kudu kuma, cibiyar ƙasa ta Abakaliki a jihar Ebonyi ta fi kusa.

Bayan aiki ana so kashi ya yi laushi, ba yunƙuri, ba ɗaukar kaya mai nauyi. Maigida ya haƙura da kwanciya aƙalla wata 3, ko iya lokacin da likita ya yanke. In ciki ya sake shiga, a je awo da wuri a faɗa musu an taɓa yin aikin, domin yawanci tiyata ake yi a ciro jaririn.