Bakwai Uku a Shagon Maigidana

Yaran da ke shiga aikin kwamfuta yanzu a Yelwa suna buga chmod 777 ko a jikinsu, sun kwafo daga waya sun manna. Ko dariya ba ta zo musu, abin da ke ci mini rai ke nan. A zamaninmu wanda ya buga bakwai uku sai ya kwana biyu ana yi masa tsiya.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, da tsarin gida yake kiran lambobin nan. A wurinsa 755 zaure ne, kowa ya shigo ya zauna amma mai gida kaɗai ke sauya shimfiɗa. 600 kuwa "ba shiga" ne, irin wanda ake rubutawa a ƙofar gidan matan aure. Bakwai uku yana ce masa gidan biki, har akuyar maƙwabta ta leƙa tukunya. Idan injin ya hana ka abu ka koma da sudo, sai ya ɗaga murya kamar sanƙira: "Sarki ya ce!" Daga baya muka ga zanen barkwancin Randall Munroe na 2006, inda mutum ya ƙi haɗa wa abokinsa abinci sai da aka sa sudo a gaban umarnin. Muka ce ashe a Amurka ma haka suke.

Maigida yana alfahari cewa Linux sa'ar jiharmu ce: Linus Torvalds ya sanar da aikinsa ranar 25 ga Agustan 1991, aka ƙirƙiro Kebbi ranar 27. Chmod ɗin kuwa ya girme su duka, tun Unix na 1971 yake.

Wata rana wani almajirinsa ɗan Ngaski ya gaji da ƙorafin fayil ɗaya, ya saki bakwai uku da -R a kan tushen injin baki ɗaya. Nan take sudo ya ƙi aiki, domin ba ya yarda da fayil ɗinsa na sudoers da kowa zai iya rubutawa a ciki. Maigida bai yi faɗa ba. Ya ce, "Yaro, ka cire wa fada ƙofa, Sarki ya yi ƙaura." Ya miƙa masa faifai, ya zaunar da shi ya sake ɗora komai, janareta na ruri, ga madatsar Kainji nan kusa amma babu wuta.

Faifan nan ma labari ne. Kamfanin Canonical ke aiko da faifan Ubuntu kyauta ta gidan waya, sai a yi makonni ana jira, idan ya iso a kwafa a raba har Shanga da Wara. A 2011 suka daina. Da faifan ya rage zagawa sai zaman shago ya ragu, kowa ya koma koyo shi kaɗai a ɗaki, babu babba a gefe da zai yi masa ba'a kafin ya danna.