Asalin Kwanon Aski na Japan

A ƙasar Japan akwai wata itaciya da ake kira urushi. Ba a taɓa ta sai ta shekara goma ko fiye, sa'an nan a tsattsaga ɓawonta a riƙa kwasar ruwan da ke tsattsafowa. Duk abin da itaciya guda ke bayarwa bai wuce cikin kofi ɗaya ba. Ɗanyen ruwan nan mugu ne, in ya taɓa fata sai ƙuraje da ƙaiƙayi. Wani abin mamaki kuma, rana ba ta busar da shi, sai an kulle shi a wuri mai laima da ɗumi yake daskarewa.

Tun shekaru dubbai mutanen ƙasar suka gane aikinsa. Sukan sassaƙa kwano na katako, su shafa ruwan, su jira, su goge da gawayi, su sake shafawa, har kwanon ya yi baƙi wuluk yana sheƙi, ruwa ba ya ratsa shi. Daga nan gwani ya zana tsuntsu ko fure da ɗanyen ruwan, ya barbaɗa garin zinariya kafin ya daskare. Aiki ne na mai haƙuri, na gaggawa ba ya iya shi.

To, ina aski ya shigo? Siffar kwanon askin daga Turai ta zo. Wanzaman can suna da wata tasa mai faɗin baki, an yanke gefenta kamar jinjirin wata, wanda ake wa aski ya kafa wuyansa a gurbin, kumfa da ruwa su zuba ciki.

Mutanen Fotugal ne Turawan da suka fara isa Japan, a 1543, aka kore su a 1639. Daga 1641 'yan Holan kaɗai aka bari a cikin Turawa, su ma an killace su a ɗan tsibirin Dejima da ke Nagasaki. Su ne suka riƙa ba da sautu a yi musu akwatuna da farantai da kwanonin aski irin na gida, amma da adon Japan. Masu sana'ar, yawancinsu a Kyoto, suka karɓi baƙuwar siffa suka yi mata aikin da suke yi wa kayan manya.

Kayan suka yi tsada har kamfanin cinikin Holan ya daina saye a 1693. Ma'aikatansa kuwa ba su daina ba, suka ci gaba da ba da sautu da kuɗin aljihunsu, suna kai wa attajiran Turai.